Rabin Fuskar Kakana

Shekarar da idon Inna ya fara mutuwa, na ƙarar da kusan damina guda ina fama da hoto ɗaya da ya ƙi buɗuwa.

Likitan da muka gani a Damazin ya ce ciwon shi ne wanda ake kira moya zarga a nan Sudan, wato hawan jinin ido, kuma abin da ya riga ya ci ba ya dawowa. Magani zai rage masa gudu ne kawai. Idon hagu ya riga ya tafi. Na dama ya rage mata ɗan fili a tsakiya, kamar mai leƙe ta kafar ƙyaure. Muka shiga hafila, bas ɗin da ke komawa ƙauye, har muka wuce madatsar ruwan Rusairis. Sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ina son in ga babana."

Mahaifinta ya rasu tun kafin a haife ni. Daga ƙasar Gobir ya taso da ƙafa yana saurayi, da niyyar Makka. Guzuri ya ƙare masa a wajen Makwar, ya tsaya tsinkar auduga don ya tara na gaba, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, gaban bai zo ba. Sau ɗaya aka taɓa ɗaukarsa hoto a duniya, da ya tsufa yana neman takardun hajjin da bai samu zuwa ba. Hoton ya bi kawuna, wan Inna, zuwa Umdurman a cikin akwatin ƙarfe. Da kawu ya rasu, akwatin ya koma hannun ɗansa.

Ɗan kawun nan taubashina ne, don haka tun muna yara ba mu taɓa yin magana a miƙe ba. Na kira shi.

"Bawana," na ce, "ubangidanka ne. Akwai aiki."

"Ya zol, har an kai muku waya ƙauye? Ko ta liman ka aro?"

Hausarsa ta sha Larabci har ta ƙoshi, amma ya gane abin da nake so. Ya ce ba zai ba direba hoton ba, kada ya ɓace a hanya. Zai kai shi istudiyo a kwafe shi da na'ura, ya turo mini ta imel. Na yaba masa hankali, abin da ban saba ba.

Ina da tsohuwar kwamfuta da nake shirya wa ɗalibaina jarrabawa a kanta, kuma akwai manhajar gyaran hoto a ciki, wadda nake haɗa wa maƙwabta katin biki da ita. Tunanina shi ne in buɗe hoton a can, in ƙara masa girma da duhu, har ya cika allon, yadda ɗan filin da ya rage wa Inna zai iya kama shi. Aikin da bai kai shan jabana ɗaya ta gahawa ba.

Saƙon ya iso. Sauke shi ne wahalar farko. A ƙauyenmu shabaka, wato sabis ɗin waya, ba ta shiga cikin gida. Sai ka hau tudun da ke bakin kogi, ka ɗaga waya kamar mai roƙon ruwa. Wuta kuwa, manyan wayoyinta suna wucewa ta bisa gonakinmu daga madatsar ruwa zuwa birane, mu muna ƙarƙashinsu muna jira a tuna da mu. Na sauke fayil ɗin a waya, na jira wuta, na mayar da shi kwamfuta, na danna. Manhajar ta yi ɗan tunani, sai ta fito da wani ƙaramin akwati da Turanci: ba za ta iya buɗewa ba, fayil ɗin ya lalace ko kuma ba irin wanda ta sani ba ne.

Na ce wataƙila saukewar ce ta tsinke. Na koma tudu na sake saukewa. Akwatin ya sake fitowa. Na ga sunan fayil ɗin da haruffan Larabci yake, na ce ko su ne ba ta so, na sauya shi zuwa boko. Na sauya 'yan haruffan da ke wutsiyar sunan, waɗanda ke gaya wa kwamfuta irin hoton, na gwada wannan na gwada wancan. Wani abokin aikina ya ce manhajar tawa ce ta tsufa, sai an sabunta. Na kai kwamfutar wani shago a Rusairis mai intanet mai ƙarfi, na zauna a benci yini guda ina kallon layi yana rarrafe a allo. Aka sabunta. Akwatin ya fito da sabon launi, magana ɗaya. Mai shagon ya gwada a tasa kwamfutar, ya ɗaga kafaɗa, ya ba ni haƙuri da Larabci, "Ma'alesh, ustaz."

Kullum da safe, in na gama ɗiga wa Inna magani a ido, tana kwance a kan angarib, gadonta na igiya, ta ɗaga haɓa, sai ta ce, "Ya buɗe?"

"Tukuna, Inna."

"To."

Ba ta taɓa ƙarawa a kan wannan "to" ba, kuma da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ina kallonta ta daina tsince tsakuwa daga wake. Daga baya ta daina zuwa bakin rijiya ita kaɗai. In mutum ya shigo, sai ta yi ta juya kai a hankali, tana neman fuskarsa da ɗan filin nan, kafin ta amsa sallama da sunansa.

Na sake kiran taubashina.

"Me ka turo mini? Hoto ko dutse?"

"Kwamfutarka ce ta zamanin Turawa. Ka ba ta hatsi ta ci."

"Har a Rusairis ya ƙi. Ka koma su sake yi. Kuma ka yi sauri, idon gwaggonka ba ya jira."

Ya ce, "Kalas, shi ke nan. Zan sa a yi maka wanda ya fi."

Na biyun ya zo, mara nauyi, ya sauka kafin in gyara tsayuwa a kan tudu. Da na danna shi ya buɗe nan take. Wani dattijo ne kyakkyawa, da farar hula, har an yi masa launi. Fuskarsa sumul kamar an shafe ta da man shanu. Ban taɓa ganin kakana ba, don haka na yi murna. Na ɗauki kwamfutar na kai wa Inna ƙarƙashin rakuba, rumfar da take shan inuwa, na durƙusa na riƙe mata allon daidai fuskarta.

Ta daɗe tana yawo da kai, daga hula zuwa gemu, daga gemu zuwa kunne.

"Wanga wane ne?"

"Babanki ne, Inna."

"Babana Bagobiri na. Ina tsagatai?"

Na sake duba kumatun. Babu ko layi ɗaya.

"Wanga dai," ta ce, tana ture allon da bayan hannu, "ya yi kama da mai saida turare a kasuwar Suki. Kai masa abinsa."

Sudan ba baƙuwar tsaga ba ce. Amma wadda aka saba gani a nan layi uku ce masu kauri, ana hango su daga nesa. Ta Gobirawa sirara ce, da yawa, tana tasowa daga gefen baki ta baje zuwa wajen kunne. A tsohon hoto wanda ya sha lanƙwasa ya tsattsage, wanda bai sani ba zai ɗauke ta cikin tsagewar takarda. Kakana bai yi wa ko ɗaya daga 'ya'yansa ba. Ya ce ƙasar da suka zo ba ta karanta wannan rubutu. Taubashina bai taɓa ganinta a fuskar ɗan gidansu ba. Ya gaya wa mai istudiyo ya share duk wani zane da ke jikin hoton, mai istudiyo kuma ya yi aikinsa tsakani da Allah.

"Ba laifi," na ce masa a waya. "Ka ɗauki takardar da wayarka kawai, yadda take, ka turo."

Bai amsa da wasa ba, a nan na fara jin tsoro.

"Na bar ta can," ya ce. "Ta cinye, ya akhi, gefenta duk ya ruɓe. Na ga tunda ga sabo..."

Ya koma istudiyon. An share shago, an zubar da shara, kuma ba sa ajiye kwafen aikin da aka riga aka karɓa. Da ya kira ya gaya mini, sunana na yanka ya kira ni da shi, abin da ban taɓa ji a bakinsa ba. Ban zage shi ba. Ba ni da ƙarfin zagin.

Na ce wa Inna zan iya mayar da tsagar. Manhajar tana da abin zane. Ita ta faɗa mini inda layukan suke, ni in ja. Ta yarda ba da son ranta ba. Ta riƙa nuna mini a kumatunta da farce, ni ina bi da linzamin kwamfuta. Na ja na goge, na ja na goge. Da na gama na nuna mata, ta duba, ta yi 'yar dariya ta hanci.

"Ka mai da shi kyanwa. Kai wanzami ne?"

Na rufe kwamfutar. Na yi kwanaki ban buɗe ta ba, ita ma ta daina tambaya da safe. Ina ɗiga maganin, ta rufe ido, mu yi maganar kuɗin taki ko akuyar da ta shiga gonar maƙwabci.

Abin da ya faru daga baya ba dabarata ba ce. Ina share tarkacen da na tara a kwamfutar, kwafe-kwafen fayil ɗin farko masu sunaye iri-iri, sai hannuna ya kuɓuce, na ja ɗaya na sake shi a kan manhajar shiga intanet da ke buɗe a gefe. Ba ta fito da akwatin ƙorafi ba. Hoto ya fara sauka daga sama: bango mai duhu, hula wadda ba fara ba ce sosai, goshi, idanu biyu ƙanana da suka tsuke saboda hasken mai ɗaukar hoto, karan hanci. Daga nan zuwa ƙasa sai launin toka, fili fetal, babu baki babu gemu.

Daga baya na fahimci dalilin. Fayil ɗin tun daga Umdurman bai cika ba. Taubashina ya tuna cewa an ɗauke wuta suna tsakiyar kwafe shi zuwa wayarsa. Duk saukewar da na yi a kan tudu, guntu nake saukewa. Manhajar gyaran hoto ba ta karɓar abu sai cikakke. Manhajar shiga intanet kuwa ta saba da irin shabakarmu: abin da ya iso take nunawa.

Na matso da fuskata. A kumatu biyu, tsakanin ido da kunne, saman layukan ya fito, sirara, a jere, suna gangarawa su nutse cikin tokar. Na ɗauki hoton allon yadda yake, na buɗe wannan a manhajar gyara, na ƙara girma, na ƙara duhu kaɗan. Ban taɓa komai ba bayan haka.

Da hantsi ne. Na same ta a rakuba tana jan carbi. Na durƙusa na riƙe allon. Ta fara daga hula kamar wancan karon. Na ga ta daɗe kafin ta samo idanun, fiye da yadda ta daɗe a baya. Sai ta ɗora yatsa a kumatun dama, ta bi layukan ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan wani da ya ɗan karkace ya rabu da 'yan'uwansa.

"Ga ta nan," ta ce. "Nan yam motsa. Ya ce uwatai ta ce tun ran suna yake da gardama, wanzami na aiki shi yana juya kai."

Ta ci gaba da kallo. Kaza ta shigo ta fita.

"Ina sauran?"

"Bai iso ba, Inna. Iyakarsa ke nan. Bakin da gemun sun ɓace a hanya."

"Bar shi," ta ce. "Dama ba mai yawan magana na ba."

Ta sa na riƙe mata har batir ya mutu. Washegari da wuta ta dawo ta sake nema, da jibi ma haka. Na kai shi Rusairis aka buga a takarda babba. Mai bugawar ya so ya yanke tokar don hoton ya yi tsari, na ce ya bar ta, nan ne wurin bakin.

Kafin a gama girbin dawa ɗan filin da ya rage mata ya rufe. Hoton yana rataye a bangon ɗakinta, saitin angarib, kuma in baƙi suka tambaya me ya sami rabinsa, ita take ba su labari. Wancan mai sumul ɗin kuwa, taubashina ya sa shi a gilashi a falonsa na Umdurman. Shi 'ya'yansa suka sani a matsayin kakan babansu. Na yi niyyar in yi masa magana a kai, har yau ban yi ba.