Del Yurkovich, wa zai duba mana ƙasan aji?

Ranar Alhamis, shida ga watan Maris, ina tsakiyar darasi da 'yan aji uku, shugabar makaranta ta leƙo ta yafito ni. A bakin ƙofa ta gaya mini ka rasu da safe, Del, a gidanka, kana da shekara saba'in da huɗu. Allah ya yafe mini, kafin hawaye ya zo, daɓen ajina na fara kallo.

Ka kama aiki da hukumar makarantun garin Kessing a 1974, kana gyaran famfo da tukunyar ɗumama ɗakuna. Lokacin gini ɗaya gare mu, tsohon nan na jan bulo, sai yaran ƙauyuka huɗu da aka rufe ƙananan makarantunsu ana kwaso su a motoci uku. Da babbar hanya ta ratsa ta gefenmu, mutane suka yi ta tarewa a garin. Yau makarantu biyar ne, yara sun haura dubu biyu, kuma babu ginin da ba ka san inda kowane bututunsa ya bi ba.

Ban manta ranar da na fara koyarwa ba. Yara suka fi ƙarfina, na ɓuya a ɗakin ajiye tsintsiya ina kuka. Ka buɗe ƙofa, ka dube ni, ka miƙo mini kofin gahawarka mai ɗaci kamar magani, ka ja mini ƙofar. Rigunan sanyin da aka yar kuwa, matarka Loretta ke wanke su, kai kuma ka rataye su kusa da tukunya. Duk yaron da ya zo cikin ƙanƙara ba riga sai ka kira shi ka ba shi ɗaya, ka ce ta jikanka ce ta yi masa kaɗan. A lokacin ko jika ba ka yi ba.

A 1989 aka ba hukuma kyautar filin gabas don gina makarantarmu. Ƙarƙashinsa tsohon ramin haƙar kwal ne da aka rufe tun 1954. Taswira ta nuna an bar ginshiƙan kwal suna riƙe da ƙasa. Amma mahaifinka Anton ya yi aiki a ramin, kuma ya gaya maka kafin su fito sun farfasa ginshiƙan sun kwashe, ba wanda ya rubuta. Ka je taron kwamitin makarantu da kayan aikinka a jiki ka faɗi haka.

Shugaban kwamiti ya ce, "Del, kai dai ka ji da famfo. Injiniya ya duba taswira."

Ka ce, "Yallaɓai, taswira ba ta taɓa shiga ramin nan ba. Babana ya shiga."

Aka yi dariya, aka yi gini. Tun daga nan kowace Litinin kafin yara su iso kake zagaya ajujuwa da ɗan ƙwallon gilashi irin na wasan yara. Ka ajiye shi tsakiyar ɗaki, ka tsuguna ka zuba masa ido. Wata rana ka ce mini, "Marlene, ranar da kika ga ya gangara da kansa, kada ki tsaya neman jakarki." Na ce, "Kai Del, ka cika tsorata mutane." Ka ce, "Ai kyauta nake rabawa, karɓi naki."

A 2009 ya gangara a ɗakin karatu. Ka kulle ɗakin, ka saka makullin a aljihu, aka yi ta faɗa da kai har ana maganar kora. Bayan mako biyu daɓen ya nutse kusan taƙi guda, bango ya tsage, kantocin littattafai suka rufto daidai wurin da yara ke zama. Aka zuba siminti ƙarƙashin ɗakin aka ce an gama. Kai ka ce ɗaki ɗaya aka gyara, ba filin ba. Ka ajiye aiki a 2016, amma Litinin ɗinka ba ka fasa ba, kuma babu wanda ya iya buɗe baki ya ce ka dawo da makullin makarantar.

Del, tsoro nake ji. Ranar Talata, sha takwas ga wata, kwamiti zai kaɗa ƙuri'a kan ɗora bene a ɓangaren gabas saboda yara sun yi yawa. A kan ajina za a ɗora shi. Tun Janairu ƙofata ke cijewa, sabon mai gyara ya kankare ta ya ce laima ce. Da na zo duba ka kana jinya na gaya maka, ka yunƙura a kan gado ka ce za ka je taron ko a keken guragu ne. Ga shi ba ka kai ba. Na sayi ƙwallon gilashi yana cikin aljihun tebur, Litinin biyu ke nan ina ɗauko shi ina mayarwa, don ban san yadda zan yi ba idan ya motsa.

Loretta, da ku 'ya'yansa Carol da Stephen, ina yi muku ta'aziyya, Allah ya ba ku haƙurin rashinsa. Kun ara mana shi shekara hamsin da ɗaya, ba mu gode masa yadda ya kamata ba.

Na rubuta sunana cikin masu magana ranar Talata, ni da muryata ke rawa ko a taron iyaye. Minti uku ake ba kowa. Na gwada a gida, sunayen yarana ashirin da uku suna cin minti ɗaya, kuma da su zan fara.

Allah ya ji ƙanka, Del, ya gafarta maka, ya ba ka hutawa. Mu kuma ya riƙe mana ƙasar nan har a saurare ni.

Marlene Bertetti, malamar aji uku