Burodin da Aka Rataye wa Mohigul

Shekara goma sha bakwai Zulhumar ta yi tana shugabantar masu gyaran ɗakuna a wani ƙaramin otal a tsohon garin Buhara, a ƙasar Uzbekistan. Gajeriyar mace ce mai faɗa, in ta shafa yatsa a bayan madubi kowa sai ya shiga taitayinsa. Abu ɗaya ne ya gagare ta: duk wadda ta koya wa aiki, da zarar hannunta ya faɗa sai ta tattara ta yi Tashkent, babban birnin ƙasar, ko Rasha. Mai otal ɗin, Baba Nosir, ya gwada ƙarin albashi, ya gwada liƙa hoton gwarzuwar wata a bango. Gwarzuwar farko har da hoton ta tafi.

Rannan ya sayo barguna na zamani, ya ce a zubar da tsofaffin na auduga. Zulhumar ta ce sam. Ga hunturu na tafe, ga tsofaffi a unguwa da 'ya'yansu suka tafi ci-rani. A yi gayya duk Litinin, a farke bargunan, a shiɓe audugar, a sake ɗinkewa a raba musu. Ta kafa doka guda, wadda ta ɗinka ita za ta kai da ƙafarta.

An yi gunaguni kam. Amma matan da kullum su ke zuba wa baƙi shayi, sai ga shi a gidajen tsofaffin an zaunar da su can nesa da ƙofa, mazaunin babban baƙo, su ma ana zuba musu. Kafin wata biyu kowacce ta samu kaka a unguwa, har ana gardamar ta wa ta fi iya dafa shinkafa da karas.

Wadda Zulhumar ta fi jin tsoron rasawa ita ce Mohigul, bazawarar da ba ta da kowa a Buhara. Gwiwoyin Zulhumar sun fara gajiya, Mohigul ɗin kuwa take fatan miƙa wa makullan ɗakunan ta gaje ta. Bargon Mohigul ya faɗa gidan Kaka Oyposha, tsohuwar da ɗanta ya shekara shida bai leƙo ba.

Duk da haka, wata safiya Mohigul ta ce ta samu aiki a Tashkent. Zulhumar ta ji abin har ƙashinta, amma ta daure.

"Allah ya sa alheri. Sai ki je ki faɗa wa Kaka da bakinki, ni ba 'yar aikenki ba ce."

Kaka ba ta roƙe ta ba. Ta ɗauko burodi mai faɗi, ta ce ta gatsa, sannan ta rataye sauran a ƙusa, yadda ake yi wa ɗan gida in zai yi nisa.

"Yana nan yana jiranki, 'yata. Ni dai ba ni da haƙoran cin sa."

Mohigul ta tafi. Zulhumar ta shiga ɗakin ajiye zannuwa ta yi kukanta, ta fito ta balbale mai gadi da faɗa a kan takalminsa.

Gayya ba ta tsaya ba. A wannan hunturun mutum biyu kacal suka bar aiki, maimakon takwas ko tara da aka saba. Baba Nosir ya shiga gaya wa abokansa cewa dabararsa ce, Zulhumar kuwa ta ƙyale shi, namiji ne.

Litinin ta bakwai da tafiyar Mohigul, Zulhumar ta shigo wurin gayya da butar shayi, sai ta tarar da Mohigul zaune cikin mata, allura a hannu, kamar jiya ta bar wurin.

"To, Hajiyar Tashkent, ba su biya ki ba ne?"

"Sun biya, Yaya, har sun fi ku."

"To me kika dawo yi?"

Mohigul ba ta ɗago daga ɗinkinta ba. Ta ce daga tasha gidan Kaka ta wuce, burodin ya bushe ƙamas, sai da suka jiƙa shi a shayi kafin ya ciwu.

"Tun da nake, ba wanda ya taɓa rataye min burodi, Yaya."

Zulhumar ta ajiye butar, ta kwance makullan daga ƙugunta, ta ɗora mata a cinya.

"Ɗaki na tara madubinsa da ƙura."