Bel na Huɗu

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana kanikanci, kuma a layin garejin nan ba mai kiransa da sunan yanka, sai dai Kunne. Mota za ta shigo, ya karkata kai, ya faɗi ciwonta tun ba a kashe ta ba. Yana da kirki, amma fa akwai ji da kai. Ko rula ba ya ɗorawa a inji, wai awo aikin 'yan koyo ne.

Sai ga tsohuwar motar Malama, wata shugabar makaranta da ta yi ritaya. Tun da ya canja mata altaneta, na'urar da ke cajin batir, bel ɗin injin ya tsinke sau uku cikin wata biyu. A na ukun Malama ta tsare shi da tambaya. Shi kuwa gogan, don kar a ce aikinsa ne, ya ce, "Ranki ya daɗe, ƙafar direbanki ce. Fizgar mota yake kamar an biyo shi."

A ranar ta sallami direban, dattijo mai 'ya'ya biyar, wanda ya shekara tara yana tuƙa ta.

Bayan sati biyu aka janyo motar, bel na huɗu ya yi kaca-kaca. Kuma Malama da kanta ke tuƙi, ita da mai keke ma wuce ta yake. Kunne ya jira sai da maƙwabta suka tafi cin abinci, ya ɗauko miƙaƙƙen ƙarfe ya kara a jikin gargaren da bel ke hawa. Na altaneta ya goce daga layi, shi ke cin gefen bel ɗin. Washa, wato zoben ƙarfe mai kauri da ke zama a bayansa, babu ita. A gwangwanin notinansa ya tsince ta, inda ya jefa ta da hannunsa. Kunya ta rufe shi har ya kasa ɗaga kai daga cikin bonet.

Ya mayar da washar, ya faɗa wa Malama gaskiya yana kallon takalmansa. Ta ce ya je da ƙafarsa ya dawo mata da direbanta.

Ya same shi a ƙofar gida yana gyara ƙafar kujera. Dattijon ya tashi da fara'a, ya ba shi wurin zama, abin da ya ƙara kashe wa Kunne jiki. Da kyar Kunne ya kai ƙarshen bayaninsa.

Direban ya ce, "To ni ai na yarda da maganarka ta farko, Oga. Na ce tunda kai ka faɗa, tsufa ne ya taɓa min ƙafa. Shekaranjiya aka ba ni motar ɗaukar 'yan makaranta, na ce a ba wani, kar in kashe 'ya'yan mutane. Tun ranar da aka sallame ni ban sake yarda na riƙe sitiyari ba."

Kunne ya buɗe baki zai ba da haƙuri, sai dattijon ya sunkuya ya ci gaba da gyaran ƙafar kujerarsa.