Wa Zai Wanke Min Roba, Sista?

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Litinin, tara ga watan Yuni, wajen ƙarfe goma na safe, ina kwance a gado na huɗu a ɗakin wankin ƙoda, inji yana jan jinina yana mayarwa, labarin rasuwarki ya shigo. Mai shara ce ta fara ji a waya. Ta jingina tsintsiyarta da bango, ta zauna daɓas a ƙasa, ta ce, "Sista Sannu-sannu ta rasu." Wai kin sa fararen kayanki, kin rataya jaka, kin zo bakin ƙofar gida sai kika yanke jiki kika faɗi. Hawan jini ne, in ji su. Kafin a kai ki asibitin da kika yi shekara ashirin da huɗu kina aiki, rai ya yi halinsa.

Yau Alhamis, kwana uku ke nan. 'Yata ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa, don hannuna ya kumbura, biro ba ya riƙuwa.

Ke kin san tarihina, amma bari in faɗa saboda masu karatu. Ni tela ce, ko in ce na taɓa zama tela. Shekara shida ke nan ƙodata ta daina aiki, sau biyu a mako nake zuwa a wanke min jini, Litinin da Alhamis. An haɗa min jijiya a hannun hagu ta mutu, an koma na dama ita ma ta mutu. An sa roba a wuyana na dama ta toshe, an sa a cinya sau biyu ƙwayar cuta ta shiga. Daga ƙarshe likita ya sha wahala ya zura wata ta wuyana na hagu, ta bi babbar jijiya har kusa da zuciya, bakinta biyu suka fito a ƙirjina, ɗaya mai jan murfi, ɗaya mai shuɗi. Da ya gama ya cire safar hannu, bai ɓoye min ba. Ya ce, "Mama, wannan ce ta ƙarshe. Idan ta toshe, ban san inda zan sa wata ba." Kina tsaye a bayansa. Kika ce, "Ba za ta toshe a hannuna ba, in Allah Ya yarda."

Shekara biyu da wata uku ba ta toshe ba, Sista.

Wallahi da farko haushinki nake ji. Mutum ya yi awa huɗu a kwance, kai na juyawa, ciki na kukan yunwa, an kashe inji, kowa ana sallamarsa, ke kuwa a lokacin za ki jawo kujera ki zauna. Ki goge bakin roba, ki jira ya bushe. Ki ɗauko sirinji cike da ruwan gishiri, ki tura kaɗan ki tsaya, ki tura kaɗan ki tsaya, leɓenki na motsi kina ƙirgawa. Ki gama da ja, ki koma shuɗi. Sannan ki gyara tabarau a kan hanci ki karanta 'yan lambobin da ke jikin robar, lambobin da kin karanta sau ɗari kin haddace, ki auna hefarin, maganin nan da ke hana jini daskarewa, daidai cikin kowane baki, ba ƙari ba ragi. Mu marasa lafiya muka laƙaba miki Sannu-sannu, kuma ba don yabo muka sa ba. Ni ce ma na fara faɗa, yau na amsa laifina.

Wata rana na kasa haƙuri na ce, "Haba Sista! Ruwa ne fa, ki tura shi ya wuce mana." Ba ki yi fushi ba. Kika ce idan aka kwarara ruwa a kwalba sau ɗaya, tsakiya yake bi ya bar dattin gefe, sai an girgiza. Tsayawar nan ita ce girgizar. Na ce to na ji, me ya sa kuma sai kin danne sirinji da babban yatsa har ki kulle robar da ɗayan hannun? Kika dube ni ta saman tabarau kika ce, "Tela, kina yanke zare kafin ki ƙulle?" Kika ce duk wanda ya ɗaga yatsa kafin ya kulle, jini zai biyo baya ya kwanta a ciki, kafin kwana uku ya zama gudaji. Daga ranar na ja bakina na yi shiru, har na koma ina taya ki ƙirgawa.

Ban manta ranar da hefarin ya ƙare a ɗakinmu ba. Aka ce a kulle wa kowa da ruwan gishiri kawai, ai akwai robobin da hakan ke isar su. Kika ce na'am, akwai, amma ba za ki gwada a kan mai roba ɗaya tak a duniya ba. Kika bar ni a gado, kika hau bene hawa uku da wannan gwiwar taki mai ciwo, kika bi ɗaki-ɗaki har kika dawo da 'yar kwalba ɗaya a aljihu, kina haki. Ban manta ranar da na yi wanka na jiƙa auduga da filastar ƙirjina ba, na zo ina ɓoyewa da mayafi. Kin yi min faɗan da ko uwata ba ta taɓa yi min ba, a gaban kowa. Da kika gama canjawa kika sunkuyo kika ce a hankali, "Yaya, ki taimake ni mu riƙe ta." Na ga idonki ya ciko. Ranar ce kaɗai kika ce min Yaya.

Ko hutu za ki tafi, sai kin tsayar da abokiyar aikinki, Sista Doguwa, kin sa ta yi a gabanki har sau biyu kafin ki ɗauki jaka. Ta iya kuwa. Ina so kowa ya ji wannan da kyau, ta iya.

To, ga abin da ya hana ni sakat, wanda ya sa na ce sai an rubuta.

Ranar Litinin Doguwa ce a kaina. Inji ya gama da ni wajen ɗaya da rabi, aka ce ƙarfe biyu za a fita da ke. Ta zauna a kujerarki tana kuka, amma tana yi kamar yadda kika koya mata, ta tura ta tsaya, ta tura ta tsaya. Ni kuwa idona na kan agogon bango. Ina so in ga fuskarki sau ɗaya kafin a rufe. Na damƙe wuyan hannunta na ce, "Don Allah tura kawai ki kulle, za a tafi da ita ban gan ta ba." Ta ce, "Mama, bari in ƙarasa, minti biyu ne." Na daka mata tsawa. Ni da ban da ƙarfin ɗaga buta, ranar har gadon ƙarshe an ji muryata. Baiwar Allah ta ruɗe, ta danna sauran gaba ɗaya, ta zuba maganin a gurguje, ta ɗaga hannu ta share hawaye, sannan ta kulle. Na sunkuyar da kai na ga wani siririn jan layi ya dawo cikin robar. Ita ba ta gani ba, hawaye ya rufe mata ido. Ni na gani, Sista. Na san ma'anarsa, ke kika koya min. Na ja mayafi na rufe, na ce wa 'yata mu tafi.

Kuma da muka isa, an riga an fita da ke. Tabarmi na tarar, da takalma birjik a bakin ƙofa, da jakarki rataye a ƙusa.

Yau da safe na koma. Doguwa ta ɗaura sirinji a jan baki ta ja, ya ƙi, ta sake shi ya koma da kansa. Aka ce in yi tari, na yi. In ɗaga hannu, in juya kai, in kwanta ta gefe, duk na yi. Ko ɗigo bai fito ba. Shuɗin ya ba da ɗan kaɗan, shi ma ya tsaya. Likita ya zo ya zuba maganin narkar da gudaji, ya ce a bar shi ya kwana, gobe da safe a gwada. Ya ce kada in ɗora wa kaina, robar da ta haura shekara biyu ko yaya aka yi wata rana za ta gaji. Na gode masa, amma ban yarda ba. Doguwa kuma tana can tana cewa ita ta kashe ni. Ba ke ba ce, Doguwa 'yar'uwa, ki ji da bakina a gaban duniya. Hannunki ne, amma tsawar tawa ce.

Yanzu ƙafafuna sun cika, takalmi ba ya shiga, numfashi sai na jingina da matashi uku. Tsoro nake ji, ba zan yi ƙarya ba. 'Yata ta ajiye biro ta fita tsakar gida, ta dawo da jajayen idanu, ta ce in ci gaba. Ban san me zan ce mata ba. Da kina nan da kin san abin faɗa, ko ki jawo kujera ki zauna kawai, hankalina ya kwanta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, da 'ya'yanki uku, da tsohuwarki da na tarar a ɗaki, da ma'aikatan ɗakinmu, da 'yan'uwana na gado na ɗaya zuwa na takwas, waɗanda yau kowa yake kallon hannun da ke wanke masa roba. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ta bari, Ya sa musu albarka.

Allah Ya jiƙanki, Sista Sannu-sannu. Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi, Ya wanke ki tas kamar yadda kika wanke mu ba tare da gajiya ba, Ya sa Aljanna ce makomarki. Idan gobe roba ta buɗe, na yi alkawari ba zan ƙara kallon agogo ba. Idan kuma ba ta buɗe ba, to ba zan daɗe ban biyo ki ba, Allah Ya sa in cika da imani. Ki yafe min. Shekara biyu da wata uku kina danne da yatsa saboda ni, ni kuwa minti biyu na kasa jira.