Yadda Ƙafafun Baba Suka Gaji

Mahaifina wada ne, ni ma haka aka haife ni. Cikin 'ya'yansa ni kaɗai na ɗauko jikinsa, sauran duk dogaye ne kamar Inna. A Paikon Kore muka tashi, lokacin babu wanda ya san za a gina babban birni a yankin nan. Doya yake nomawa kamar maƙwabtanmu Gwarawa, da fartanyar da maƙeri ya rage wa ƙota don ta yi masa daidai.

Ina budurwa abin ya fara. Ran kasuwa in muna tafiya Gwagwalada, sai ya tsaya a gefen hanya ya tsuguna, ya kifa kai a gwiwa. Jim kaɗan ya miƙe mu ci gaba. Da na tambaye shi, ya ce, "Cinyoyina ne suke sagewa, kamar kiyashi na yawo a ciki. In na duƙa sai su sake ni."

Da farko sau ɗaya yake tsayawa kafin mu kai kogin da ke kan hanyar. Damina na zagayowa, ya zama ba ya wuce inuwar bishiya bai tsuguna ba. Aikin gona bai dame shi sosai ba, tunda a duƙe ake yi. Tsayuwa a miƙe ce ta gagare shi. Ya koma yin salla a zaune.

Wanzami ya yi masa ƙaho a ƙugu, an jiƙa saiwoyi, babu sauƙi. Wani Bafulatani amininsa ya ara mana jaki, yayana ya kai shi asibiti a garin Abuja na da, wanda yanzu ake kira Suleja. Malamin asibitin ya ce ƙashin bayansa ne ya matse lakar da ke cikinsa, kuma hakan yakan sami masu irin jikinsa in sun manyanta. Ya ce aikin ya fi ƙarfinsu. Suka dawo da ƙwayoyi kaɗan.

Bayan haka fitsari ya fara kufce masa. Ya daina zuwa masallaci, ya daina zama a ƙofar gida. Mutumin da ba a taɓa rasa dariya a wajensa ba ya koma ɗaki, Inna tana wanke masa tabarma da asuba kafin kowa ya tashi.

Wata rana da hantsi na kai masa kunu. Bai karɓa ba, sai ya tsaya yana kallon ƙafafuna.

"Yayanki ya gaya miki abin da malamin nan ya faɗa?"

"Ya gaya mini, Baba."

"Ki yafe mini, 'yata. Ni na ba ki jikin nan."

"Ba ka yi mini laifi ba," na ce.

"Duk inda kike son zuwa, ki je yanzu. Kada ki ce sai baɗi."

Ya rasu da kaka, ana cikin haƙar doya a gonar da bai sake gani ba. Na yi aure, na haihu, na je har Kano da Zariya. Nawa ciwon ya zo ne bayan na aurar da autata, kuma yanzu a kujera mai taya jikokina suke fito da ni tsakar gida.