Ranar da Aka Karrama Gwaggo

Tun ina yarinya aka san ni da son fim. Idan sabo ya fito, kafin mako ya zagayo na haddace waƙoƙinsa, na kuma yanke hukuncin wanda ya iya da wanda ya zo ɓata mana lokaci. Amma akwai abin da ban cika faɗa wa mutane ba: ƙanwar mahaifina 'yar fim ce. Bayan rasuwar mijinta ta shiga harkar. Kullum ita ce uwa, ita ce kaka, wani lokacin maƙwabciya mai kawo gulma. Gidanmu na Madabo gidan malamai ne, don haka ba a zancen sana'arta a zaure. A cikin ɗaki kuwa kowa kallonta yake yana ƙyalƙyala dariya.

Shekarar da aka ce za a ba ta lambar girmamawa a bikin karrama 'yan fim, ta tako har gidana a Soron Ɗinki da hantsi. Bayan mun gaisa ta zaro kati biyu daga jaka.

"'Yar nan, an ce in zo da mutum ɗaya. Ke kika san su kaf, ke za ki raka ni."

Wallahi raina ya so. Shekara da shekaru ina burin ganin mutanen nan ido da ido. Amma da ta ce za a nuna taron a talabijin kai tsaye, sai na hango fuskata a ciki, na hango matan dangin mijina suna nuna ni da baki. Maigidan bai hana ni ba, don ban ma tambaye shi ba. Na ce mata ranar akwai suna a danginsu, ba yadda zan yi. Babu wani suna.

"To, Allah ya raya," in ji ta. Ta ajiye mini kati ɗaya a kan tabarma, wai ko da hali ya yi.

Ranar bikin na gama girki da wuri, bayan la'asar na zauna gaban talabijin. Da farko har na manta da komai. Mai gabatarwa ya cika mu da surutu, na ja tsaki. Aka ba wani kyautar gwarzon jarumi, mutumin da ko kuka bai iya ba, sai ya yamutsa fuska kamar ya sha tsamiya, na ce wannan son kai ne ƙarara. Jarumar da nake so ta ci tata, na yi tsalle ni kaɗai a ɗaki. Duk wanda aka kira, sai ka ga 'yan uwa da ƙawaye sun rufa masa baya har kan dandamali, ana guɗa, ana ɗaukar hoto.

Can aka kira Gwaggo. Ta miƙe cikin lafayarta ta zuwa biki, tana tafiya a hankali saboda ciwon gwiwa. A bakin matakala ta tsaya, ta kama ƙarfe, ta hau ɗaya bayan ɗaya. An tafa mata sosai, ban ce ba a tafa ba. Amma babu wanda ya bi ta, babu wadda ta rangaɗa mata guɗa. Ni kuwa duk bikin da aka yi a gidanmu ni ake nema in yi guɗa. Na kai hannu hanci a nan inda nake zaune, sai na ji kunya ta kama ni, na sauke.

Da aka miƙa mata abin magana ba ta daɗe ba. Ta gode wa Allah, ta gode wa masu kallo, ta ce danginta suna gida suna ganinta.

Washegari na je yi mata barka. Na so ta yi mini faɗa in huta. Ba ta yi ba. Ta miƙo mini kyautar in ɗaga in ji nauyinta, ta zubo mini kunu, ta ba ni labarin wanda ya gaishe ta da wanda ya wuce ta.

"Wurin ya cika maƙil," ta ce. "Sau biyu masu tsara zama suna zuwa wai za su ba wani kujerar gefena. Na ce a'a, ku bari, 'yata tana hanya."