Anti Wa-ya-gani ta Zauren Iyaye

Kullum kafin ta ɗora ƙafa a kan keken ɗinki, sai Anti Tela ta jingina wayarta da gwangwanin allurai, ta gyara tabarau, ta bi saƙonnin zauren iyayen yaran unguwa. Shekara da shekaru tana riƙe da zauren nan, ba albashi, ba na gode, sai ƙorafi idan ta goge saƙon wani. Tambayarta ɗaya ce, har ta zame mata suna: wa ya gani?

Ta daɗe da gane halin zauren. Mutane birjik, amma masu magana ba su cika hannu ba. Duk inda Maman Biyu da wani da ake kira Rediyo suka karkata, nan sauran ke bi da ɗaga yatsa, wasu ko karantawa ba su gama ba.

Ran nan Rediyo ya turo hoton yaro da kumburarren goshi, ya ce direban motar makaranta ne ya make shi. Kafin rana ta take an gama shari'a, an ce kowa ya cire ɗansa daga motar. Direban nan mai iyali ne, kuma motar ce abincinsa.

Ran Anti ya ɓaci, amma ba ta tsaya cacar baki ba. Ta ture ɗinkin mutane gefe ta kira uwar yaron, wadda ta ce a bakin famfo ya zame, tsoron ƙaryata manyan zaure ne ya hana ta magana. Daga nan Anti ta shiga kiran masu shiru ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan matar mai shago sai ta ce, "Ke da direban nan ya ruga da 'yarki asibiti ranar da ta suma, yau bakinki ya mutu? Wallahi ba zan ajiye wayar nan ba sai kin rubuta."

Matar ta rubuta. Uwar yaron ta biyo baya, sai ga shaidu kamar an buɗe famfo. Masu ɗaga yatsa suka juyo, har Rediyo ya ce shi ma turo masa aka yi.

Anti, ke ce mai buɗe bakin masu shiru. Yanzu da ido ya gaji kika miƙa mana zauren, mun gode, Allah ya saka da alheri. Mu da muka rage, kada mu tura abin da ba mu gani ba, kada kuma mu yi gum a kan abin da muka gani.

Har gobe direban na danna wa Anti hon idan ya wuce shagonta, gaisuwa ce kawai irin ta maƙwabta. Wayarsa ƙarama ce mai maɓalli, bai taɓa shiga zauren ba. Bai san an kore shi ba, balle ya san wadda ta dawo da shi.